Wane ne tsohon nan mai fitattun ƙasusuwan kunci da ke cikin Inception da The Town?

Sani Tela ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu bin fina-finan Turawa, musamman manyanmu da suka faro kallo tun zamanin kaset.

Bayan sallah aiki ya ja baya a shago, keke a lulluɓe, sai na je aka tura mini fina-finai a waya don rage zaman banza. Cikinsu akwai Inception da The Town, dukansu na 2010. A na farko akwai wani tsoho attajiri kwance a gadon jinya, da kyar yake fitar da magana, duka fitowarsa ba ta fi 'yan mintuna ba, amma wurin da ɗansa ya buɗe akwatin ƙarfen nan a gefen gadonsa sai da na ajiye wayar na nisa. Kwana biyu bayan haka na kunna The Town, sai ga mutumin nan dai, wannan karon mai sayar da furanni ne, yana tsaye yana kankare ƙayar fure da wuƙa yana yi wa jarumi magana a hankali kamar mai ba da shawara, alhali barazanar kisa yake yi masa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Fuska ɗaya, amma can na ji tausayinsa, nan na ji kamar in shiga wayar in shaƙe shi.

Wane ne shi? Kuma mutum mai irin wannan iyawa, me ya hana a riƙa ba shi jarumi? Idan akwai fim ɗin da ya daɗe a ciki, a taimaka mini da sunansa.

Baba Mai Kaset ya amsa:

Wa alaikumus salam Sani. Ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, sai ka yi haƙuri da tsawon bayanin tsoho.

Sunansa Pete Postlethwaite. Kada rubutun ya firgita ka, harshe ba ya bin duk baƙaƙen nan, kusan "Fosil-tuwet" ake furtawa. Bature ne ɗan Ingila, an haife shi a garin Warrington, tsakanin Liverpool da Manchester, ranar 7 ga Fabrairun 1946, ya rasu ranar 2 ga Janairun 2011 yana da shekara 64, sanadiyyar ciwon daji. Ramar nan da ka gani a fina-finan biyu ba kwalliyar fim ba ce. Tun 2009 aka gano masa cutar, da ita a jikinsa ya yi su. Shekarar ma fim uku manya ya fito a ciki, na ukun shi ne Clash of the Titans, inda ya zama masuncin da ya tsinci jarumi yana jariri a teku ya raine shi.

Ni na riƙe shagon hayar kaset a Tudun Wadar Kaduna shekara tara, kuma a shagona ba wanda ya taɓa kiran mutumin nan da sunansa. "Maharbi" ake ce masa, saboda The Lost World, kashi na biyu na Jurassic Park, wanda ya fito a 1997. A ciki ya fito a matsayin Roland Tembo, mafarauci mai sanƙo da bindiga mai baki biyu, wanda ya ce wa masu kuɗin da suka ɗauko shi su riƙe kuɗinsu, ladansa kawai a bar shi ya farauci namijin babban dodon nan. Kaset ɗin sai da ya saki don yawan juyawa, na ɗinke shi da salatif ya fi sau uku. Yara suna zuwa ne don dodanni, amma in sun dawo da kaset, hirar Maharbi suke yi. A ƙarshe ya kayar da dodon da allurar sa barci, sai dai abokin farautarsa Ajay ya riga ya mutu. Da aka yi masa tayin babban aiki a kamfanin, sai ya ƙi, ya nuna ya gaji da zama kusa da mutuwa, ya juya ya tafi. Daga nan bai sake fitowa ba, kuma ni a wurina daga nan fim ɗin ya lalace, duk da dodon da aka kai birni yana bin motoci.

Steven Spielberg da ya ba da umarnin fim ɗin ya kira shi ɗan wasan da ya fi kowa a duniya. Shi kuwa da labarin ya iso masa sai ya mayar da abin raha, ya ce ai abin da Spielberg ya faɗa shi ne, Pete yana ganin kansa a matsayin wanda ya fi kowa.

Amma fim ɗin da nake so ka nema shi ne In the Name of the Father, na 1993. Kaset ɗin ya yi wata da watanni a saman kanta yana shan ƙura, don ba faɗa ba tseren mota, wanda ya ɗauka ma washegari da sassafe yake dawo da shi yana ƙunƙuni. Wani dare da aka yi ruwa, ba kowa a shago, na ce bari in ga me na sayi da kuɗina. Ban rufe shago ba sai wajen ƙarfe ɗaya.

Labarin gaskiya ne. A watan Oktoban 1974 ƙungiyar IRA, 'yan bindigar da ke neman raba Ireland ta Arewa da Birtaniya, ta tayar da bama-bamai a mashaya biyu a garin Guildford na Ingila, mutum biyar suka mutu. 'Yan sanda suka kama wasu matasa huɗu da ba su ji ba ba su gani ba, cikinsu har da Gerry Conlon ɗan Belfast ta Ireland ta Arewa, wani ɗan ƙaramin ɓarawo mara jin magana, suka matsa musu har suka sa hannu a takardar amsa laifi. Mahaifinsa Giuseppe, mutum mai ciwon huhu wanda hawa bene ma wahala yake yi masa, ya taso daga Belfast zuwa Ingila don ya nemo wa ɗansa lauya. Shi ma aka kama shi aka ɗaure shi shekara 12. Ya rasu a tsare a Janairun 1980. Sai a 1989 aka saki Gerry bayan shekara 15, aka wanke uban a 1991 yana kabari, sannan a 2005 Tony Blair ya fito ya nemi gafarar iyalan.

Daniel Day-Lewis ne ya fito a ɗan, Postlethwaite uban, alhali tsakaninsu shekara 11 ce kawai. Sun san juna tun a gidan wasan kwaikwayo na Bristol Old Vic. Akwai wurin da aka fara haɗa su a ɗakin tsaro. Ɗan ya hau ubansa da masifa, yana tono tsohon ƙulli tun na ƙuruciya, har da ranar da ya ciyo lambar yabo a ƙwallo uban bai yabe shi ba, sai tambayarsa da ya yi ko ya yi wa wani ƙeta a fili. Yana ihu, yana dukan kansa, jijiyoyin wuya duk sun tashi. Uban kuwa bai ɗaga murya ba. Yana tsaye, kafaɗu a sauke, numfashi na fita da kyar, yana kallon yaron har ya gama, sannan ya jawo shi jikinsa. Na mayar da wurin baya sau uku. Karo na farko ɗan na kalla, sauran biyun idona bai bar uban ba, shi da kusan ba abin da ya yi. Da ya rasu a fim ɗin, fursunoni suka riƙa kunna wa takardu wuta suna jefowa ta tagogi cikin dare. Ni da nake ganin na ƙoshi da fim, sai ga ni ina share ido da hannun riga.

An saka Postlethwaite cikin masu neman kyautar Oska ta mai taimaka wa jarumi saboda wannan rawar, amma a bikin 1994 Tommy Lee Jones ne ya ɗauka da The Fugitive. Har yau ban huce ba, ko da yake shi ma wancan ba kanwar lasa ba ne.

Batun me ya hana shi zama jarumi kuwa, dubi fuskar mana. Masu zuba kuɗi a fim saurayi mai sulɓin fuska suke nema, wanda za a liƙa a fosta. Shi kuma sai da ya haura arba'in kafin a san shi a fim. Da farko malamin makaranta ne, ya koyar da wasan kwaikwayo a wata kwaleji a Manchester, daga baya ya shiga wasan dandamali, ya yi shekaru a gidan wasan Everyman na Liverpool tare da su Bill Nighy da Julie Walters da Jonathan Pryce, sannan ya yi aiki da kamfanin wasannin Shakespeare. Irinsu can suna da ajinsu daban: ba su ne a gaba ba, amma su ake kira in ana neman uba, ko limamin coci, ko lauya, ko mugu. Kamar dai yadda a Kannywood in an ce mahaifin yarinya zai yi faɗa, kafin a nuna shi ka san Tahir Fagge ne ko Isa Bello Ja.

Ɗan Anfield ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma a yi mini afuwa zan ɗan saɓa. Ni gani nake ana zuzuta mutumin nan fiye da kima don ya mutu. Fuskarsa ce ke yi masa rabin aikin. Allah ya ba shi ƙasusuwa da idanu masu ban tsoro, duk inda aka ajiye shi sai a kalle shi. Kuma ya yi fina-finai na shirme da yawa, Clash of the Titans ɗin ma da kuka ambata ai ba abin a zo a gani ba ne. A Romeo + Juliet na 1996 limamin coci, a Dragonheart na shekarar mai wa'azin coci, a The Omen na 2006 limamin coci kuma. Ina bambancin?

Inda na sara masa dai shi ne The Usual Suspects na 1995. Lauya Kobayashi, suna na Japan, fuska ta Bature, harshe kuma ba ka iya cewa ga ƙasar da ya fito. Ya shigo ɗaki ya sami riƙaƙƙun 'yan fashi biyar, ya ajiye musu jaka ɗauke da tarihin laifin kowannensu, ko gezau. Har da aka ɗora masa bindiga a ka bai canza murya ba. Sani, in ka kalla ka lura da gindin kofin shayin ɗan sandan nan a ƙarshe, ba zan ƙara komai ba.

Baba Mai Kaset ya amsa:

Ɗana na Anfield, batun fina-finan shirme na yarda, ɗan wasa ma yana biyan kuɗin haya. Amma batun fuska ban yarda ba, ga dalilina.

A 1988 ya yi wani fim mai suna Distant Voices, Still Lives, wanda Terence Davies ya shirya a kan gidansu a garinku na ƙwallo, Liverpool. A nan ma uba ya fito, amma uban da in ya shigo gida kowa ke shan jinin jikinsa. Yana dukan matarsa, yana dukan 'yarsa da sandar tsintsiya tana durƙushe tana goge ƙasa, ana zaune a teburin Kirsimeti ba abin da aka yi masa ya fizge mayafin tebur komai ya tarwatse. Kuma cikin fim ɗin dai an nuno shi ya lallaɓa ɗakin yaran suna barci, yana kallonsu da ƙwalla a ido. Shekara biyar tsakanin wannan uban da Giuseppe. Ƙasusuwan kuncin ba su canza ba, idanun ba su canza ba. In da fuska ce ke aikin, da uba ɗaya za ka gani sau biyu.

Kuma ka nemi Sharpe, shirin talabijin na ITV a kan yaƙin Ingila da sojojin Napoleon, wanda Sean Bean ke jagoranta. A kashi biyu na 1994 ya fito a Saje Obadiah Hakeswill, mugun da fuskarsa ke zabura ita kaɗai, yana cire hularsa yana yi wa uwarsa magana a cikinta, yana bugun ƙirji cewa ba ya mutuwa tunda an taɓa rataye shi ya tsira. Wannan ba shiru-shirun Giuseppe, hauka ne tuburan, kuma shi ya kashe wa jarumi mata. Kashi biyu kacal ya yi aka harbe shi, amma duk wanda ya bi shirin shi yake fara tunawa in an ce bos.

Maman Ilham ta amsa:

Sannunku da hira. Baba ya gama magana, ni dai ƙari zan yi ta ɓangaren da ya shafe mu.

Sau uku na ci karo da shi a fina-finan da suka taɓo Afirka. Na farko Amistad, shi ma na Spielberg a 1997, labarin mutanen Mende na ƙasar Saliyo ta yanzu da suka ƙwace jirgin ruwan da ke ɗauke da su a matsayin bayi a 1839, shari'arsu ta kai har kotun ƙolin Amurka aka sake su a 1841. Postlethwaite ne lauyan gwamnati Holabird mai neman a hukunta su. Djimon Hounsou ɗan Jamhuriyar Benin ne jagoran bayin, kuma a nan Chiwetel Ejiofor ya fara fitowa a babban fim, yana tafinta. Haushin Holabird na ji sosai, don ba ihu yake yi ba, tambaya yake jerowa cikin ladabi don ya mayar da wahalar mutum ƙarya a gaban alƙali.

Na biyu The Constant Gardener na 2005, wanda aka ɗauko daga littafin John le Carré. Labarin kamfanin magani ne da ke gwajin maganin tarin fuka a kan talakawa a Kenya yana ɓoye waɗanda suka mutu. Shi ne Dakta Lorbeer, likitan da ke da hannu a maganin, wanda daga baya ya gudu wani ƙauye a kudancin Sudan yana duba marasa lafiya yana ta ambaton Allah, kamar mai neman kankare zunubi. Fitowarsa gajeriya ce, can wajen ƙarshe. Mu mutanen Kano ba ma kallon fim ɗin nan kamar sauran jama'a, don an sha alaƙanta labarin da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su ba maganin ba, aka yi ta shari'a, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Sai dai ina da ƙorafi a kan fim ɗin, kuma ba laifinsa ba ne. Mutanen da aka yi gwajin a kansu kusan ba su da baki a ciki. Baturiya ce ta tono, Bature ne ya yi kuka, Bature ne ya tuba. Rachel Weisz da ta fito a Baturiyar ta ɗauki Oska, mutanen Kibera, unguwar talakawa ta Nairobi da aka nuna a fim ɗin, kuwa sun zama bango.

Na uku ba fim ɗin labari ba ne. The Age of Stupid na 2009, a kan sauyin yanayi, inda ya fito a wani tsoho shi kaɗai a shekarar 2055 yana duba tsofaffin bidiyo yana mamakin yadda mutane suka ga halaka na zuwa suka zuba ido. Cikin bidiyon akwai wata matashiya daga yankin Neja Delta mai burin zama likita, tana wanke kifin da ta kamo da omo saboda ɗanyen mai. Postlethwaite da gaske ya ɗauki batun sauyin yanayi. A wajen bikin nuna fim ɗin a Landan ya gaya wa minista Ed Miliband ido da ido cewa zai mayar da lambar girmamawa ta OBE da aka ba shi a 2004 in gwamnati ta amince a gina sabuwar tashar wutar kwal a Kingsnorth.

Baba Mai Kaset ya amsa:

Hajiya, kin tuna mini da kwal. Na manta da Brassed Off na 1996, kuma a nan kusan shi ne jarumi, duk da Ewan McGregor aka sa a gaban fosta. Garin masu haƙar kwal ne a Yorkshire, lokacin da gwamnati ta sanar da rufe ramuka a 1992. Shi ne Danny, shugaban 'yan badujalar ma'aikatan ramin, tsohon da ba abin da ya dame shi sai busa. Ana shirin rufe ramin, ɗansa bashi ya yi masa katutu har an kwashe kayan gidansa, shi kuwa faɗansa a kan wanda ya yi kuskuren busa ne. Yana tari yana ɓoye hankicin, don baƙin ƙurar kwal ke fitowa. Da ya kwanta a asibiti, yaransa suka zo cikin dare da fitilun haƙa a goshi suka tsaya a ƙarƙashin tagarsa suna busa masa. A ƙarshe suka ci gasar ƙasa a babban zauren Royal Albert Hall, shi kuma ya hau dandamali ya ƙi karɓar kofin, ya ce a da yana ganin kiɗa ne komai, yanzu ya gane mutanen da aka raba da abincinsu su ne abin dubawa.

Ban iya kallonsa sau biyu ba. Yayana a masaƙa ya yi aiki a Kakuri shekara ashirin da wani abu, na ga yadda unguwa take komawa in aka kulle ƙofar da kowa ke ci daga cikinta.

Abin da ya daɗe yana buri kuma ya samu kafin ya tafi: a 2008 ya koma Everyman inda ya faro, ya fito a Sarki Lear na Shakespeare. Can a dandamali dai shi ne a gaba.

Sani Tela ya dawo:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Hajiya, har da kai Ɗan Anfield. Jiya da daddare na samu In the Name of the Father na kalla. Baba, wurin ɗakin tsaron nan ni ma sai da na mayar. Amma inda ya fi kama ni shi ne inda ɗan yake gaya masa abin da ya fi tunawa a ƙuruciyarsa, wato hannunsa cikin hannun uban da warin taba. Mahaifina ɗinkin hannu yake yi, yatsansa duk sawun allura, kuma ni ma da shi nake riƙewa in za mu kasuwa. Da fim ɗin ya ƙare ƙarfe sha ɗaya ta wuce, na kira shi, ya ɗauka a firgice yana tambaya ko lafiya. Na rasa me zan ce, sai na ce masa zaren da ya aiko a saya ne na manta kalar.

Yau The Usual Suspects zan kalla. Ɗan Anfield, in ka ɓata mini ƙarshensa da maganar kofin nan, kai za ka biya kuɗin turin.